Sannu-sannu, Mai Gadin Barandarmu

Zuwa ga hasken idona, sanyin zuciyata, inuwar tsamiyata a tsakiyar bazara, mijina Yaya Yahuza,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, irin yawan ruwan kogin Wudil idan damina ta yi nisa ya cika ya batse. Yaya karatu, yaya baƙunta a Maleshiya? Na ɗauki biro ne don waya ta gaza mini. Da na fara buɗe maka cikina sai muryarka ta tsinke, hotonka ya daskare, a bar ni da murmushin da ba ya motsi.

Ka tuna yammacin da muka zauna a bakin gada muna cin soyayyen kifi, muna sabon aure? Wani kare ya matso yana kaɗa wutsiya, na yi ihu na watsar da kifin, na ɓuya a bayanka. Ka yi ta dariya har da hawaye. To masoyina, wannan matsoraciyar taka ce ta yi makonni tana yawon zaɓen kare. Dubi abin da rashinka ya mayar da ni!

Tun ranar da na dawo daga aiki na tarar an ɓalle tagar kicin, ka ce in tattara in koma wajen su Inna a Lajawa, mu saki benen nan. Na san tausayina ne ya sa ka faɗa. Amma ta yaya zan miƙa wa wani makullin ɗakin da aka kawo ni amarya? Wa zai zauna a barandar da kake shan shayi? In na fita daga nan, ina zan riƙa jiranka?

Na fara zuwa wajen Malam Sabo, limamin unguwarmu. Ya ce ajiye kare don gadi babu laifi, muddin kwanonsa daban ne, kuma ba zai taka inda nake salla ba. Hajiya Uwa, mahaifiyar mai gidan da ke ƙasanmu, ta fi liman wuyar sha'ani. Sai da ta sha kunun gyaɗata sau da dama kafin ta ce, "To 'yar nan, na yarda. Amma ranar da ya tashe ni daga barcin rana, ke da shi duk ku nemi wani gidan."

A Kano aka nuna mini kare irin na 'yan sanda, ƙato mai kunnuwa a tsaye, haushinsa kamar tsawa. Ina zai yi gudu a ɗaki biyu da falo? Aka nuna mini wani ɗan mitsitsi fari, gashi buzu-buzu kamar auduga, na ji ya shiga raina. Mai sayarwar ya faɗa mini gaskiya: ba ya jure zafi, kuma ka san yadda benenmu yake komawa tanda in an ɗauke wuta. Ban da haka, ɓarawon da ya gan shi dariya zai yi, ya sa shi a aljihu ya tafi.

Daga nan na nufi Darki, gidan Kawu Gwadabe maharbi. Ya fito mini da wani saurayin kare, siriri, mai gudu kamar iska. An ɗaure shi a gindin darbejiya, yana jan igiya, idonsa na can kan hanyar daji, yana wani kuka ƙasa-ƙasa. Wayyo, abin ƙaunata! Na san kukan nan, don a ƙirjina yake kwana. Na ce wa Kawu ba zan kulle mai irin wannan begen a baranda ba. Mai bege ɗaya ya ishi gidan.

Can gefen rumbu na hango wata jar karya a kwance, ta fara manyanta, ƙafar baya ɗaya ta ɗan karkace tun da gwanki ya ture ta. Kawu ya ce ta daina farauta, Sannu-sannu suke kiranta saboda ɗingishin. Ba ta haushin banza, tuwo da romo sun ishe ta, zafin garin nan kuma a cikinsa aka haife ta. In 'yan'uwanta sun tafi daji, sai ta kwanta a ƙofar gida tana kallon hanya har su dawo. Ban ƙara tambayar komai ba.

Yanzu tana baranda, a kan buhu, da kwanonta. Bayan la'asar nakan sauko da ita mu zaga bayan gida, ita da ɗingishi, ni da tunaninka. Jiya mai gyaran famfo ya hawo bene ba sallama, ta yi masa gurnani ɗaya, ya koma ƙasa da baya-baya. Hajiya Uwa da kanta ta aiko mata da ƙashi.

Tsoro ya ragu, farin watana, amma kewa ko gezau. Kare yana tsare ƙofa, wa zai tsare zuciya? Har yanzu kofi biyu nake saukewa da safe, sai in mayar da ɗaya.

Wani abu kuma ya dame ni. Sannu-sannu ba ta san ka ba. Ranar da za ka dawo, kai mai gida za ta yi wa gurnani kamar baƙo! Kawu ya ce in ba ta rigarka ta shinshina. Na ɗauko shuɗiyar shaddarka, na kai hancina tukuna, sai na ji ƙamshinka ya fita sarai, babu komai sai warin durowa. A nan na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ko a ranar da ka tafi.

Don Allah, in ka sami mai tahowa gida, ka aiko mini da rigar da ka sa, kada ka wanke ta. Zan ba ta ta shinshina, amma sai bayan ni.

Taka ce ni jiya, taka ce yau, taka har ranar da za a ɗauke ni a makara,

Mas'uda