Jirgin Ruwan Sojoji Ya Tafi da Ɗana Ƙadri

Zuwa ga: Mai Girma Kwamandan, Superefen Tasawa
Daga: Na Allah Jibo, manomi, Urafane
Rana: 9 ga Yuli, 1985

Game da: Ɓatan ɗana Ƙadri a cikin jirgin ruwan sojoji a Kwatano, da ƙorafi a kan Alhaji Sanda

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta ladabi, ina neman izinin gabatar da kukana kamar haka.

1. A watan Nuwamban bara, da gero ya ƙone a tsaye, Alhaji Sanda, shugaban ƴan dako mazaunin Tasawa, ya kwashi samarinmu a babbar motar kamiyo zuwa bakin teku a Kwatano, su sauke dawar taimako. Har zaurena ya zo, ya ce in ba shi Ƙadri amana. Na ba shi. Ƙadri ya bar matarsa Zara'u da ƙaramin ciki.

2. Gado, ɗan maƙwabcina da suka tafi tare, ya shaida mini cewa jirgin da ya kawo dawar na sojojin wata ƙasa ne. An ƙera shi don ɗaukar motocin yaƙi da mai da harsashi, kayan da ƙugiya ke ɗagawa, ba mutum ba. Cikinsa hawa uku ne. Na can ƙasa ba taga, ba iska, tsani ɗaya tak, murfinsa kuma ƙarfe ne da inji ke rufewa. Wanda ke ciki ba ya jin abin da ake yi a sama. Rumbun da nake ginawa da laka ma ina bar masa kafar da mutum zai fito.

3. Ranar 14 ga Fabrairu, Alhaji Sanda ya tura Ƙadri wannan rami ya share dawar da ta zube. Sai umarni ya zo wa jirgin ya tashi nan take. Aka busa usur, aka kori ƴan dako da gudu, aka rufe murfi. Alhaji Sanda bai tsaya ya duba mutanensa ba. Sai da jirgin ya ɓace wa ido Gado ya lura takalman Ƙadri na nan inda ya ajiye su.

4. Na je gidan Alhaji Sanda a kan jaki, da tsufana. Farko ya ce yaron ya gudu Ikko. Daga baya ya ce ai ya samu aiki wurin Turawa, in yi murna. Murna! Ranka ya daɗe, a gafarce ni, wannan mutum maƙaryaci ne, kuma ko a gabanka zan maimaita. Da akuya ce ya ɓatar mini, da ya fi haka jin kunya.

5. Dawar jirgin nan ta iso Urafane, an raba, na shiga layi na karɓa don yunwa ba ta bar mini zaɓi ba. Uwar Ƙadri, Hindu, ta ƙi sa ta a baki har yau.

6. Zara'u ba ta san matsayinta ba. Liman ya ce ba takaba sai da tabbacin mutuwa. Mu kuma ba mu yi zaman makoki ba, ba mu daina sauraren ƙarar mota ba.

Saboda haka ina roƙo a kira Alhaji Sanda ya yi bayani a gaban hukuma, Gado a shirye yake ya ba da shaida. A kuma tambayi ƙasar masu jirgin abin da suka tarar ranar da suka buɗe murfin nan. Ba diyya nake nema ba.

Zara'u ta haifi namiji cikin watan jiya. Matan gari sun fara kiransa Audi, sunan da ake ba wanda bai tarar da ubansa a duniya ba. Kullum ina hana su da faɗa. Ranka ya daɗe, a sanar da ni ko in ci gaba da hanawa, ko in ƙyale su.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci.

Naka mai biyayya,
Na Allah Jibo