Sanda ta Uku a Ƙofar Gidan Mal-sun

Busan, 4 ga Oktoba, 2018

Ƙanwata Mal-sun,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan lemon gonarki ya fara nuna, gwiwoyinki kuma sun rage surutu. Nawa dai har maƙwabta na jin su.

Jiya wani saja ya zo mini daga ofishin da ke neman ƙasusuwan sojojin yaƙinmu. An dawo da wasu akwatunan ƙasusuwan da aka tono a Arewa, can tsallaken iyaka, babu mai suna, sai lamba. Sun san tare muka bar Jeju da abokina, yayanki Tae-bong, muka shiga sojan ruwa, tare kuma aka kama mu. Sajan ya ce na lamba arba'in da ɗaya, hannunsa na hagu ya taɓa karyewa ya ɗoru. Kin dai tuna dokin Kawu Bu da ya yar da shi a gonar sha'ir.

Yawunki kawai suke so, a ɗan kwalba, su gwada da ƙashin. Ke kaɗai kika rage cikin 'yan'uwansa na jini. Ki amsa musu.

Ki gaida 'yarki.

Yayanki, Gap-su

Jeju, 15 ga Oktoba

Yaya Gap-su,

Na ga wasiƙarka, ina gaisuwa. Rubutun naka kamar kaguwa ta bi ta kan takarda.

Masu karyayyen hannu sun cika duniya. Kai da bakinka ka zauna a tsakar gidanmu ranar da aka sako ka, kana cin tuwon sha'ir ɗin Inna, ka ce da ransa ka baro shi, har yana yi wa masu gadi aski. A kan maganarka Inna ta hana a yi masa abincin da ake ajiye wa mamata kowace shekara. A kanta ta sa na rantse ba zan taɓa gitta sanda ta uku a ƙofar gida ba, kada ya iso ya ga alamar mun yi nisa ya juya. Ko da aka kwantar da ni asibiti wata guda, biyu na gitta, ɓarayi ma su ɗauka da yamma zan dawo.

Yanzu kuma in tofa yawu a kan akwati? Ka ce wa sajanka bakina ya bushe.

Ka riƙa shan maganinka.

Mal-sun

Busan, 27 ga Oktoba

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, in har za ki karɓa bayan kin gama karantawa.

Askin gaskiya ne. Sauran ƙarya na yi.

Tae-bong ya rasu a sansanin fursunoni, a sanyinmu na farko a can. Zawo ne da yunwa. Kwana huɗu kafin nan ya daina cin masararsa, yana tura mini kwano, wai cikinsa ba ya riƙewa, asara ce. Na ci, Mal-sun. Duk na ci. Ƙasa ta daskare, sai muka kwantar da shi a gefen tudu muka jera masa duwatsu kamar katangar gonakinmu. Ni na naɗe masa hannun nan na hagu a ƙirji.

Daga tashar jirgi har gidanku ina ta shirya yadda zan faɗa. Da na iso, Inna ba ta dube ni ba, bayana take leƙawa. Ta ce, "Ɗan nan, ina ka baro abokin naka? Ko ya tsaya sayen taba?" Ta zuba mini tuwo har yana zubewa. Na ce a raina gobe zan faɗa. Kin ga goben, shekara sittin da biyar ke nan.

Ba don aikin kamfanin jiragen ruwa na gudo Busan ba. Sandar ƙofarku na guje wa.

Ki zage ni yadda kike so, amma kada ki bar shi da lamba.

Gap-su

Busan, 20 ga Nuwamba

Ƙanwata,

Gaisuwa. Mai kawo wasiƙa ya fara kauce wa layinmu saboda tambayata. Shirunki daidai ne, ban isa in yi ƙorafi ba. Sai dai ni shekara tamanin da shida, ke tamanin da ɗaya, akwatin ne kawai ba ya sauri.

Gap-su

Jeju, 2 ga Disamba

Gap-su,

Na tofa musu. Sun ce sai bazara za a sani.

Ranar Laraba zan shigo jirgi, sajan zai kai ni in ga akwatin. Yau na gwada sanda ta uku. Ramin dutsen da ake zura ta ya toshe da gansakuka, sai da na ƙwaƙule shi da wuƙar da nake ɓamɓaro kodi a teku. Ta shiga.

Ka rubuto mini ranar da ya rasu, da lissafin wata, in san ranar da zan dafa masa. Shekara sittin da bakwai bai ci ba. Kai za ka zuba masa da hannunka, kwanon kuma ya cika.

Ban yafe ba tukuna. Ka zo tasha da laima.

Mal-sun