Kasko Mai Huji Goma Sha Uku

Litinin, 8 ga Mayu, 1978

Na fasa wa Tsohuwa, motata, ciki a hanyar Kuru. Kaskon da ke ƙarƙashin giyabos, mai riƙe jan mai, ya tsage, mai ya malale kamar an yanka rago. A gida na ce wani dutse ne ya tsallako titi. Matata Maimunatu ta yi dariya. Shu'aibu, babban ɗana, bai yi ba.

Tunda littafin nan ba ya tsegumi: ban ga dutsen ba. Ya kai turmi, kuma da rana tsaka.

Talata, 9 ga Mayu

Shekara goma sha shida ke nan da Baturen kuza da nake tuƙawa ya bar mini akori-kurar nan, ya koma garinsu. 'Yar Amurka, da kanta take canza giya. Ranar da na shigo da ita unguwarmu Dilimi, har mai shayi ya bar tukunya a wuta ya biyo mu.

Shu'aibu ya ce, "Baba, a bari a huta haka nan." Na ce wa zai huta, ni ko ita? Ya sunkuyar da kai.

Alhamis, 11 ga Mayu

Shagon Linus mai kayan gyara. Wai, "Oga Datti, wannan mota ya girme ni!" Ya tambayi hujin noti nawa ne a bakin kaskon, na ce sha biyu, da kaina na ƙirga. Na ɗauko, na kawo gida da taƙama. Ashe sha uku ne. Na ce wa yara a aji huɗu na bar makaranta, ba a kai ga koya mana sha uku ba.

Juma'a, 12 ga Mayu

Na mayar. Linus ya tara mini jama'a, aka sha dariya.

Asabar, 13 ga Mayu

Bukuru, wajen Bot, tsohon makaniken kamfaninmu. Ya yi furfura, amma zaginsa bai tsufa ba. Shi ba ya ƙirga huji. Baƙin mai ya shafa a bakin tsohon kaskon, ya kifa a takardar siminti, siffar ta fito har da kusurwar da aka yanke. Zurfin kuma ya auna da tsinken tsintsiya, ya karya daidai.

Muka bi gawarwakin motoci a bayan gidansa. Daga nan ana hango inda a da leburorin kuza ke jerin gwano da kwanon ƙasa a ka, usur na tashi. Yanzu tafki ne, mata na wanki.

Kasko na farko da muka kwance ya hau takarda daram, na fara rawa. Bot ya zura tsinke. "Tsaya, sarkin gaggawa. Ya gaza da yatsa biyu, zai danne matatar mai, motar ta shaƙe." Na uku ne ya dace.

Ya miƙo mini ya ce in karanta lambar da ke gindinsa. Na ce rana ta yi yawa. Muna ƙarƙashin mangwaro. Ya daɗe yana goge hannu, sannan ya ce, "Ni ma bara na ajiye tuƙi, Datti. Ga ni, ban mutu ba."

Na naɗe kaskon a takardar siminti, na kama hanyar gida.

Laraba, 17 ga Mayu

Shu'aibu ya ɗaura. Ko ɗigo babu.

Lahadi, 21 ga Mayu

Gwaji zuwa Kuru. Na ce gwiwata na ciwo, Shu'aibu ya ja motar. Na zauna inda Bature yake zama, har da ɗora hannu a taga. Yaron yana taka birki kamar mai kashe kunama, amma duk ramin da na ji a ƙuguna, shi tun daga nesa ya gan shi. Ni bishiyoyi na yi ta kallo. Sun haɗe wuri ɗaya, kore kawai.

Makullin motar yana ɗakin Shu'aibu. Ƙusar da nake rataye shi a ɗakina ce take girgiɗi, shi ke nan dalili. In na sami guduma zan gyara.