Kwanon Baba a Tashar Kabu-kabu

Illela, ranar Talata.

Yaya Abdulaziz,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ni da Inna. Yaya Ƙonni, yaya shago, yaya sefa da hawa da saukarta? Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun Mukhtar mai albasa alhali ga waya. Maganar ba ta waya ba ce. Kunnen Inna yana bakin ƙofata, baƙonka kuma yana zaure.

Malam Zakari ya iso da saƙonka, na buɗe masa ɗakin baƙi na shimfiɗa sabuwar tabarma. Mutum ne mai fara'a, gaisuwarsa har sai ka gaji. Ya ce shi wakilin wani kamfani ne mai suna Garzaya, sun kawo manhajar da fasinja zai kira ɗan kabu-kabu, wato mai babur na haya, daga wayarsa, har ƙofar gida. Ƙanenmu Lawwali ya rasa inda zai sa kansa don murna. Shi da ke yini a rana yana jiran fasinja, an ce masa fasinja ne zai nemo shi.

Ga abin da ya tsaya mini a rai. Baƙon nan ba ya cin abinci a zaure kamar sauran baƙi. Ya roƙa a riƙa kai masa na rana tashar kabu-kabu, kuma a kwanon Baba, koren nan mai murfi da aka rubuta Alhaji Maharazu da jan fenti. Ka san abin da kwanon nan yake nufi a garin nan. Tun muna yara, duk falken da aka ga yana ci a cikinsa, an san gidanmu ya tsaya masa, ana ba shi kaya ba tare da shaida ba. Yanzu Lawwali ke ɗauka ya dire masa a kan benci, 'yan kabu-kabu kuma sun yi layi.

Kafin a sa mutum a aikin sai ya biya kuɗin rajista, a ɗauki hoton katinsa na ɗan ƙasa, ya kuma karanta wa Malam Zakari lambar da banki ya turo masa. Manhajar ma ba inda aka saba samo su ake samunta ba, shi ke tura wa kowa daga wayarsa. Ni tuwo da masa nake sayarwa, amma ban taɓa jin inda mai neman aiki ke biyan mai ba shi aiki ba.

Yaya, a ina ka san mutumin nan? Wa ya tsaya masa a wurinka?

Ka gaishe da iyali. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Shahida.

*

Birnin Ƙonni, ranar Alhamis.

Zuwa ga Shahida,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya same ni lafiya. Ki gaishe da Inna, ki ce maganin ƙafarta yana hanya.

Game da baƙo: mun haɗu a tashar mota, muka yi sallar la'asar tare, ya kawo mini gaisuwar wani abokin cinikina na Tawa. Ya nuna mini takardun kamfaninsu a waya, da hotunan ofishinsu. Wannan ya ishe ni.

Ina tuna miki cewa gidanmu gidan saukar baƙi ne. Baba bai taɓa tsare baƙo da tambaya kamar ɗan sanda ba. Zamani ya canza, ciniki ya koma waya, kuma tun da harkar iyaka ta yi sanyi samarin garinmu ba su da abin yi. In Allah ya kawo musu hanya ta ƙofarmu, abin alfahari ne. Ya ma yi alkawarin naɗa Lawwali shugaban masu babur na Illela duka.

Ki ci gaba da kai abinci yadda ya nema. Abin da ba ki gane ba ki bar wa maza.

Wassalam.

Yayanki,
Abdulaziz Maharazu.

*

Illela, ranar Juma'a.

Yaya,

Barka da Juma'a. Inna ta gode da magani. Na bar wa maza kamar yadda ka ce, sai dai mazan ne suka kawo mini labarin har murhu.

Babur ɗin Lawwali yana wurin bakanike tun farkon mako, an sauke injin, yana kwance a ƙasa cikin baƙin mai. Jiya ya shigo yana washe baki, ya nuna mini wayarsa: wai ya kai fasinja Amarawa ya dawo, ya kai wani Tozai, kuɗi suna ta hauhawa a allo. Na ce da wane babur? Ya ce ai kyautar farawa ce. Na ce to ciro ko na cefane mu gani. Ya danna, aka rubuto masa cewa ba a cira sai ya kawo wasu sun yi rajista ta hannunsa.

Da Malam Zakari ya dawo, na tsaya daga bayan ƙofar zaure na gaishe shi, na ce ni fasinja ce, ina so ya sa mini manhajar in kira babur zuwa kasuwa. Ya yi dariya ya ce ɓangaren fasinja yana nan tafe. Na tambayi ofishinsu, ya ce Sakkwato. Wace unguwa? Ya ce suna kan ƙaura. Yaya, a garin nan kaf babu mutum ɗaya da ya taɓa kiran babur da abin nan. To su wa ake ɗauka?

Ban tsaya nan ba, na aika aka yi mini sallama da Baba Maccido, shugaban tashar, abokin Baba. Na zayyana masa duka. Ka san abin da ya ce? "Ɗiyata, mu ba mu san waya ba. Kwanon Alhaji munka gani, shi munka bi. In da matsala, ai gidanku ya sani."

Tun da na ji wannan magana, abinci bai yi mini daɗi ba. Tsoro nake ji, kuma haushi ya fi tsoron yawa.

Ka ce Baba ba ya tambaya. Kai kana kasuwa lokacin, ni ke kai shayi zaure. Baba yana tambaya, da murmushi yake yi shi ya sa ba a ganewa. Sai ya san garin mutum, da maigidansa, da wanda ya saukar da shi bara, kafin ya ce a zuba masa a koren kwano. Baƙi da yawa sun kwana gidan nan sun ci sun ƙoshi a farantin roba, ba su taɓa ganin kwanon ba.

Jibi Lahadi ce, ranar kasuwa. Malam Zakari ya sanar cewa duk mai son babban matsayi ya kawo takardun babur ɗinsa na asali a ajiye wa kamfani. Masu babur na Lafani da Tozai da Amarawa duk za su shigo. Ka kira shi ka ce ya dakata, ko ka ba ni izini in janye kwanon. In ban ji daga gare ka ba, zan yi abin da na ga ya dace.

Ka huta lafiya.

Shahida.

*

Birnin Ƙonni, ranar Asabar.

Shahida,

Bayan sallama. Na karanta, raina ya ɓaci ƙwarai.

Ban ba ki izini ba, kuma ba zan bayar ba. Ba a taɓa janye wa baƙo abinci a gidanmu ba, ba kuma a kaina za a fara ba. Ki sani na riga na yi masa saƙon murya a waya, na ce ni Abdulaziz ɗan Alhaji Maharazu na san shi, na amince da shi. Muryar ta zaga gari. Kina so a ce na yi magana ƙanwata ta ƙaryata ni a gaban 'yan tasha?

Da mijinki ya rasu kika dawo gida da 'yarki, ni na danƙa miki makullan ɗakunan baƙi, ban bai wa matar Lawwali ba. In kika kunyata baƙona, ki miƙa mata makullan, ki koma gidan Gwaggo a Amarawa. Ba na son in faɗi haka, amma na faɗa.

Abdulaziz.

*

Illela, ranar Litinin.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata ka tashi lafiya. Gara ka ji daga gare ni kafin masu albasa su ƙara masa gishiri.

Jiya na dafa shinkafa da miyar yakuwa, na zuba a farantin roba na bai wa Lawwali. Ya dube ni, ya juye a koren kwano da hannunsa ya fita. Sai na sa hijabina na bi shi.

Tashar ta cika, babura har bakin titi, kowa da takardunsa a leda. Malam Zakari yana kan benci, kwanon Baba a gefensa, wayarsa a sama yana kunna musu muryarka. Na ratsa maza har gabansa. Na yi sallama, na juye abincin a farantin da na zo da shi, na ajiye masa a gabansa, na rungume kwanon.

Na ce, "Malam, ga abincinka, baƙo ba shi kwana da yunwa gidanmu. Amma ku shaida, gidan Alhaji Maharazu bai tsaya ma wanga ciniki ba. Wanda duk ya ba da takardunai, da idonai ya ba da."

Lawwali ya ce, "Yaya Shahida, mi kike yi haka? Koma gida." Wani daga baya ya ce mace ta shigo abin da ba nata ba. Malam Zakari kuwa murmushi ya yi, ya ce ai ya ji muryar babban gida, ba ya biye wa ƙananan maganganu.

Baba Maccido ne ya miƙe. Ya daɗe yana kallon kwanon a hannuna, sannan ya ce, "To Malam, tunda kwano ya tashi, sai mu koma ma waya. Ga Lawwali nan, shi ad da kuɗɗi da yawa ciki. Hidda mai ko kaɗan mu gani, sai mu ba ka takardu."

Malam Zakari ya danna, ya danna, ya ce sabis ne ba kyau. Aka miƙo masa wata wayar, ya ce daga ofis ake buɗewa. Mutane suka fara mayar da leda cikin aljihu. Da aka kira azahar ya ce zai yi alwala, bai sake dawowa ba. Jakarsa tana nan a ɗakin baƙi har yanzu, babu komai ciki sai tsofaffin riguna. Kafin la'asar manhajar ta daina buɗewa a wayar kowa.

Kada ka ɗauka an yi mini guɗa. Waɗanda suka zo da takardu sun koma da baburansu, ko kallona ba su yi ba. Waɗanda suka riga suka biya rajista kuwa, wasunsu cewa suke ni na kore shi, da na yi shiru da kuɗinsu sun fito. Wasu an kwashe musu abin da ke banki ta lambar nan da suka karanta masa. Tun safe suke zuwa ƙofar gida suna sallama, ba ni suke nema ba, ɗan Alhaji Maharazu suke nema, mai muryar. Lawwali ba ya yi mini magana. Masata ta yau ma rabi ta dawo.

Na yi kuka, na share. Ban yi nadama ba, kuma ba zan ba kowa haƙuri ba. In aka mayar da ni jiya, hanyar tashar zan sake bi.

Na ɗaure kayana da na 'yata. Makullan suna hannun Inna, ta ce ba za ta bai wa kowa ba sai ka zo da kanka. Amma kwanon yana cikin kayana. Ka aiko duk wanda ka ga dama, ba zan bayar ba.

Ka gaishe da iyali.

Ƙanwarka, ko kana so ko ba ka so,
Shahida.

*

Birnin Ƙonni, ranar Alhamis.

Shahida,

Assalamu alaikum. Jiya wani direba ya kunna mini muryata a tashar Tawa. An canza wa kamfanin suna, muryar ce dai ba a canza ba. Abokin cinikina ya ce bai taɓa jin sunan Zakari ba.

Ki kwance kayanki, ki karɓi makullanki a wurin Inna. Ina zuwa ranar Lahadi. Ki dafa da yawa ki zuba a kwanon Baba, zan ɗauka in kai tasha, in zauna a gaban mutanen nan su faɗa mini abin da ke ransu.

Ki gaishe da Inna.

Yayanki,
Abdulaziz.

*

Illela, ranar Juma'a.

Yaya,

Wa alaikumus salam. Allah ya kawo ka lafiya. Za a dafa, har da naman da kake so.

Amma kwanon ni zan ɗauka. Kai ka biyo ni a baya.

Shahida.