Abincin Tsuntsayen Alhaji

Luggere, Jimeta
Nuwamba, 2014

Zuwa ga matata Asta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun isa Gombe lafiya ke da 'yarmu Ihsan, kuma ƙafar mahaifiyarki Dada ta yi sauƙi. Ni lafiyata lau, sai kewarku.

Tun da Mubi ta faɗa hannun 'yan ta'addan daji, garin nan ya cika da 'yan gudun hijira, kowa tsoron kowa yake ji. Maigidana Alhaji ya kwashe iyalinsa ya yi Abuja, ya bar ni da makulli da tsuntsayen nan nasa da kike kira zalɓen 'yan gayu. Filamingo dai sunansu, ko kin ƙi. Sai da ya sa na rantse ba zan bar kowa ya shiga ba, ba kuma zan faɗi abin da ke bayan gidan ba, don ba da sanin hukuma aka shigo da su ba.

Abincinsu na buhu da ake aikowa daga Legas ya ƙare. Na watsa musu dawa, suka dube ni kamar na zage su. Su ba sa tsattsaga irin ta kaji. Ruwa suke shiga su yi ta tattaka laka, sannan su kifa kai, baki a juye, suna tace ruwan da harshe, su haɗiye gansakuka da 'yan ƙwarin ciki. Jan jikinsu ma daga abincin yake, shi ya sa yanzu sun fara koɗewa.

Madam Ada mai kayan miya a kasuwa ta ce in daka musu busasshen kirafish, ƙananan jatan landen nan, da tattasai, kuma suna ci. Gansakuka kuwa a jarka nake ɗebo ta daga tafkin Geriyo, in juye a tafkinsu na siminti, in sa kanwa da ɗan takin zamani don ta yaɗu. Mijinki da bai taɓa daka miki ko barkono ba, ga shi ya zama gwanin turmi.

Ki shafa min kan Ihsan.

Naki,
Nuruddeen

Asta,

Sallama da fatan alheri. Yaya jikin Dada? Kada ki karanta mata wannan.

Ina cikin tsoro. Jiya Madam Ada ta ja ni bayan rumfarta, ta ce 'yan banga sun zo suna tambayarta a kaina. Ki duba yadda suka haɗa abin: baƙo daga Madagali da ke hannun 'yan ta'adda, shi kaɗai a gida a kulle, yana shiga da jarkoki da takin zamani, kullum ana jin daka. Kin san da takin nan mutanen daji ke haɗa bam. Wallahi ko sau ɗaya hakan bai zo min a rai ba, ni gansakuka kawai nake nema.

Mai shayi ya daina amsa sallamata. A masallaci wanda ke kusa da ni sai ya matsa, a bar giɓi a sahu. Jauro mai unguwa ya kira ni, na ce abincin tsuntsu nake haɗawa. Ya tambaye ni wane tsuntsu ne ke cin taki, na yi shiru saboda rantsuwa. Shirun nan bai yi min kyau ba.

Na kira Alhaji, ya ce in riƙe amana, ba abin da zai faru. Daga Abuja ai da sauƙin faɗa. Kwanaki an rufar wa wani da duka a tasha saboda jakar da ke hannunsa, bai tashi ba, daga baya aka ga tsummokara ne a ciki. In na gudu na tabbatar musu da zarginsu, ga shingen sojoji a hanya, katin shaidata kuma Madagali ya ce. Ko ƙofa iska ta taɓa sai in tashi in leƙa.

Ki sa ni a addu'a, ki kuma yafe min duk abin da na yi miki.

Mijinki,
Nuruddeen

Asta tawa,

Ina gaishe ku duka. Ki kwantar da hankalinki, ina da rai.

Shekaranjiya bayan la'asar suka zo, 'yan banga da mafarauta da rabin unguwa, da gorori da bindigogin toka. Na ji ana cewa a kawo fetur. Nan na ga rantsuwa tana da kaffara, rai kuwa ba shi da madadi. Na buɗe ƙofa da hannuna, na ce su biyo ni. Shugaban mafarautan yana bayana da wuƙa tsirara.

Muka tarar da tsuntsayen cikin ruwa, kawuna a kife, suna ta tace laka. Na juye jarka a gabansu, na ɗebi dakan kirafish na watsa, har na ɗanɗana don su gani. Sai wani ya fashe da dariya, mutane suka rugo gaba kowa yana son kallo. Tsuntsayen suka firgita suka watse, babbar cikinsu ta bugi bango, ƙafarta ta karye gida biyu, ta faɗi tana shure-shure.

Shugaban mafarautan ya ce kada a bari ta zama mushe. Ya durƙusa, ya fuskantar da ita alƙibla, ya yi bisimilla. Ni na riƙe masa fukafukan. Da wuƙar da ya shigo da ita ya yanka ta, Asta, kuma ni da shi duk mun san wanda aka zaro ta dominsa. Da ya gama bai iya kallon idona ba.

Alhaji ya sallame ni daga aiki, ya ce in ajiye makulli wajen Jauro. Zan biyo motar Asabar in Allah ya yarda.

Naki har kullum,
Nuruddeen