Tukunya Biyu a Gidan Mai Tiyo

Zuwa ga Yayata,

Sallama da gaisuwa irin ta ƙani mai biyayya. Ina fata gwiwar nan ta yi sauƙi.

Na ɗauki biro ne don in yi godiya, tunda kin ce waya ta waɗanda ba sa son a riƙe maganarsu ce. Allah ya saka miki da alheri kan shawarar da kika ba ni in je a auna jijiyoyin jinina. Shawara ce mai albarka. Cikin sati uku ta raba ni da gishiri da kitse da barcin safe, abubuwan da shekara talatin a kasuwa ba ta iya raba ni da su ba.

Kwantar da ni suka yi, suka ɗaura mini abin awo a damtse da idon sawu, yana kumbura yana sacewa. Likitar ta ce saurin bugun jini take aunawa. In jijiya na da laushi tana shanye bugun, in ta yi tauri sai ya wuce a guje, zuciya kuma ta sha wahalar turawa. Na ce, "Likita, ai tiyo kike faɗa mini." Ni da nake sayar da tiyon ruwa tun ba a haife ta ba! Sabo in ka lanƙwasa shi ya dawo, tsoho kuwa ya yi fari a wurin, sai jiran ranar fashewa. Ta yi dariya, ta ce nawa bai yi fari ba tukuna, amma ya fara gardama.

Kuskurena ɗaya, da Gwamnati na tafi. Kin san ba a banza na laƙaba wa matata wannan suna ba. Kafin mu iso gida ta kafa doka. Yanzu tukunya biyu ake ɗorawa, tawa lami, tata mai daɗi. Kitsen da ta yanke daga namana a tata yake faɗawa, wai zubarwa almubazzaranci ne. Da safe ta kora ni in zagaya filin ƙwallo sau huɗu, ita kuma ta buɗe shago ta zauna a kujerata har azahar. Ko a matakalar asibitin, ni mara lafiya na riga ta hawa, ita sau biyu tana tsayawa, wai takalmi ne ya matse ta.

A gaida gida. Ƙaninki da aka zalunta,
Auta

*

Auta,

Wa alaikas salam. Wasiƙarka ta iso, na karanta da tabarau biyu saboda rubutunka bai canja ba tun da na koya maka riƙe fensir.

Ka bar tsiya. Ciwon zuciya ya ɗauke Baba, shi ya ɗauke maigidana, ba zan zuba ido ya ɗauke ka ba. Cutar maza ce, a gidanmu kuwa ta san ƙofa. Mu mata ciwon gwiwa da na baya ne rabonmu, da shi muke tsufa. Matarka ta yi daidai, ka gode wa Allah da ya ba ka ita. Tsayawa a matakala kuwa shekaru ne, ta wuce hamsin, ba yarinya ba ce.

Ka sha maganinka, ka yi tafiyarka, ka daina leƙa tukunyar da ba taka ba.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa da ban girma. Ki zauna kafin ki karanta wannan, amma kada ki tsorata, ƙarshensa alheri ne.

Ranar Talata wani mai wankin mota ya zo shago fuska a murtuke, ruwa ya cika masa ɗaki. Ya ce, "Mai tiyo, wata biyu ke nan da na sake tiyo a wurinka!" Na ce wanne? Ya ce na waje, wanda rana ke duka. Na ce to wanne ya fashe? Ya ce ɗan guntun nan na bayan tanki. Na ce yaushe rabonka da duba shi? Ya ce bai taɓa dubawa ba. Haka mutane suke, Yaya. Wanda ke fili kowa na tausaya masa, wanda ke lungu yana aikinsa shiru sai ranar da ya tashi gida.

Ina cikin yi masa wannan wa'azi sai na waiga. Gwamnati ta ɗauko masa nadin tiyo daga saman kanta, abin da bai fi nauyin tulu ba, ta ajiye, ta dafa bango, ta kama muƙamuƙi tana haki. Na ce lafiya? Ta ce, "Haƙori ne, ka ji da cinikinka." Jiya takalmi, yau haƙori.

Da na koma wurin likita na tambaye ta a fakaice, kamar mai tambayar farashin abin da ba zai saya ba. Ta ajiye biro. Ta ce mace tana da ƙuruciya jijiyarta ta fi ta namiji laushi, amma in ta daina al'ada sai taurin ya zo da sauri, har ya kamo namu. Kuma ciwon zuciya ba lallai ya zo mata da riƙe ƙirji irin na Baba ba, yana iya zuwa da gajiya, da haki, da ciwon baya ko muƙamuƙi. Ta ce in kawo ta.

In kawo Gwamnati! An taɓa kai gwamnati inda ba ta yi niyya ba? Na lallaba, ta ce ita ba ta da lokacin ciwo. Na yi fushi, ta ce yunwar gishiri ce ke damuna.

Sai na koma sana'ata. Wanda ya ƙi sayen kaya, gardama ake sayar masa. Na ce mata ni fa ban yarda da na'urar nan ba, kowa ya kwanta sai ta ce jijiyarsa ta yi tauri. Ta ce ƙarya nake. Na ce to ke da kike garau, zo ki kwanta. In ta wanke ki, na yarda da ita, na haƙura da gishiri har abada. In ta kama ki, to maƙaryaciya ce, a dawo mini da tukunyata. Ta ɗauki mayafi ta ce, "Tashi mu je, yau za ka ji kunya."

Yaya, ta kama ta. Jijiyarta ta fi tawa tauri nesa ba kusa ba, jininta kuma ya hau inda nawa bai taɓa zuwa ba. Aka ƙara wasu gwaje-gwajen, likita ta ce mun zo a kan lokaci, magani da tafiya da gyaran ci za su taimaka ƙwarai. Muka kamo hanyar gida. A bakin ƙofa Gwamnati ta ce, "To ka ci gardama, in zuba maka gishirin?" Na ce a'a, na janye ƙara.

Wata biyu ina yawo a fili saboda lafiya, ita tana zaune a kujerata tana cin kitsena saboda ƙauna.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Na karanta sau uku. Ka gaishe ta, ka ce ina mata addu'a, kuma ta yafe mini abin da na rubuta.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba, kana ƙarami lokacin. Satin da Inna ta rasu tana ta cewa bayanta na ciwo, numfashinta ba ya isa. Ni na shafa mata man zafi, na ce gajiyar jinyar Baba ce. Duk idonmu na kan gadonsa. Da ta tafi muka ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne, amma yau na zauna ina tunani.

Ka kyauta. Ban san akwai ranar da bakin nan naka zai yi amfani ba.

Ni dai lafiyata ƙalau, ban da gwiwa, sai ɗan haki in na share tsakar gida.

Yayarka

*

Yaya,

Sallama. Gwamnati na gaishe ki, ta ce babu abin yafewa.

Yanzu tukunya ɗaya ce, lami, muna ci muna zagin likita tare. Filin ƙwallo ma tare muke zagayawa, ta fara da biyu, yanzu huɗu, har tana ce mini in ɗaga ƙafa. Shago sai tara yake buɗewa, masu saye suna jira a benci, babu wanda ya mutu.

Zancen Inna kuwa, shekararki sha tara a lokacin, kuma ba ki da na'ura. Yanzu akwai ta. Mun share ɗakin baƙi, likita tana zama Litinin da Alhamis, matakalar kuma ba ta da tsawo, za mu tsaya miki sau biyu in takalmi ya matse ki.

Kin yi jinyar Baba, kin yi ta maigidanki, kin tura ni awo daga nesa. Wannan ɗan hakin na shara, shi kuma wa ya duba bayan tanki?

Naki,
Auta