Shan Iska a Hawan Kirambo

Kidaho, Lahadi 3 ga Nuwamba

Zuwa ga matata, Maman Ishimwe,

Gaisuwa mai yawa da kewa. Ina fatan kina lafiya, ke da Ishimwe da jaririn da kika tafi Kigali dominsa kika bar ni da tukunyar wake. Yaya ƙafarki? Ki gaida surukinmu. Nan lafiya lau, dankali ya yi fure, maganin zuciya kuma ina sha safe da yamma, kada ma ki tambaya.

Na zaɓi takarda ne don a waya kina fara faɗa kafin in kai ƙarshen magana. To, ga ta: na sauke keken tserena daga ƙugiya. Na sani, na yi miki alkawarin barin keke ranar da muka binne abokina Sebahire, likita ma ya ce zuciyata ta gama hawan tudu. Amma haba, shekara ashirin da biyu muna zaga tafkin Burera ni da shi duk Asabar, yanzu wata takwas ina leƙen ruwan ta taga! Ban hau tudu ba, bakin ruwa kawai na bi.

Jiya da safe hazo ya taso daga tafkin ya kwanta kan kwalta, hanya wayam, ko babur babu. Kin san ƙarar da tayar baya ke yi idan mutum ya daina taka feda, tik-tik-tik. Ita na ji a bayana, ni kuwa takawa nake. Na waiga, ba kowa sai itatuwan turare. Na sauka na duba sarƙa da taya, ni da na ci shekara talatin ina gyaran keke. Ƙalau suke.

Da na wuce matan da ke noma a gangare, sai na ji sun ce, "Sannunku da ƙoƙari!" Na ce ladabi ne. Amma a shagon nono, matar da ta karɓi wurin kwanan nan, baƙuwa ce daga Gicumbi, ta dire mini kofi biyu na kindirmo. Ta ce, "Baba, ina ɗayan? Ko ya zaga?" Na ce wane ɗayan? Ta ce, "Dogon nan mai jar hula, da ya liƙe maka kamar ka sace masa akuya."

Na shanye duka biyun. Kin san wa ke sa jar hula.

Ki sumbaci jaririn a madadina.

Mijinki,
Gatera

Kidaho, Lahadi 10 ga Nuwamba

Maman Ishimwe,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya mai jego, yaya barcin yaron? Saƙonki ya iso ta bakin direba, har da "tsohon banza", bai rage ko kalma ba. Na karɓa. Amma na sake fita jiya, kuma dole in gaya miki abin da na ɓoye.

Mu masu keke, idan biyu ne, na gaba shi ke shan iska, na baya yana fakewa yana hutawa. In na gaba ya gaji sai ya kaɗa gwiwar hannu, na baya ya fito ya karɓa. Ba a ƙi. Ko ka tsani mutum, ba ka ƙin gwiwar hannunsa.

Ranar da Sebahire ya faɗi, shi ne a gaba tun gindin hawan Kirambo, iska kuwa tana bugowa daga ruwa. Ya kaɗa gwiwa, na ƙi fita, ina dariya. Ya sake kaɗawa, ya ce, "Kai kaska, fito ka sha iska!" Na ce, "Ja mana, tsoho, ba kai ne ka cinye tsire shida jiya ba?" Na ukun hannun kawai ya motsa, a hankali. Na zaci wasan ne har yanzu. A ƙwanƙolin tudun ya kwanta gefen hanya, bai sake tashi ba. Kowa ya ce zuciya ce. Ban gaya wa matarsa ba, ban gaya miki ba, kunya ta hana ni.

Jiya ƙarar tana bayana tun daga kasuwa. Na ce to, bari in ja shi, ko na rage nauyin da ke kaina. Na sha iska kusan awa guda har ƙirjina ya fara matsewa. Sai hannuna ya yi abin da ya saba ban sa shi ba. Na kaɗa gwiwa.

Maman Ishimwe, ƙarar ta fito ta damana, ta wuce ni, ta koma gabana. Iskar ta ɗauke daga fuskata ɗif, alhali ina ganin ciyawar gefen hanya tana kwantawa. Ƙirjina ya saki. Ban taɓa jin daɗin keke kamar na wannan tafiya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ina kuka ina takawa har gida.

Shi bai ƙi ni ba.

Ki yi mini addu'a. Ki gaida kowa.

Naki,
Gatera

Kidaho, Lahadi 17 ga Nuwamba

Abar ƙaunata, Maman Ishimwe,

Ina fatan kun tashi lafiya, ke da 'yata da jikana. Ni ina raye, da wannan zan fara don hankalinki ya kwanta.

Jiya ya karɓi gaba tun ina fita ƙofa. Na bi shi, ban lura da inda muke ba sai da na ga mun bar bakin ruwa. Ya kai ni gindin hawan Kirambo. Nan hazon ya yage, rana ta fito, na ga inuwa biyu kan kwalta. Tawa, da wata doguwa a gabanta, kai a sunkuye yadda yake yi. Ina kallo gwiwar hannun inuwar ta motsa.

Na san abin da ake nema a wurina. Na kuma san in na karɓi gaba a hawan nan, zuciyar nan ba za ta kai ni sama ba. Duk da haka har na tashi daga sirdi, ƙafata ta danna. Ya kaɗa na biyu. Sai na tuna ko ɗaukar jikana ban yi ba, na tuna ke da za a bugo miki waya kina tsaka da yi masa wanka. Na matse birki, na sa ƙafa ƙasa. Na ce da ƙarfi, "Sebahire ɗan'uwana, ka yafe ni. Yau ma ba zan fito ba."

Ya kaɗa na uku, a hankali. Daga nan inuwar ta hau tudun ita kaɗai, ina tsaye kamar gunki har ta sha kwana. Da ƙafa na turo keken gida.

Sau biyu ke nan na ƙi shi, na farko da wasa, na biyu saboda ke. Ban yi nadamar na biyun ba, amma ban ji sauƙi ba ko kaɗan.

Na rataye keken a ƙugiyarsa tun jiya da azahar, ban sake taɓa shi ba. Yanzu da nake rubutun nan rana tsaka ce, ana kiɗa a coci, kaji na tono a tsakar gida, tayar bayan kuwa tana juyawa. Ba ta tsaya ba tun jiya.

Ki bar wa Ishimwe yaronta, ta iya. Ki dawo kafin Asabar, ki yi mini faɗan da kika ga dama, ki zauna a bakin ƙofa. Ban san ko zan iya ƙin sa karo na uku ba.

Mijinki da ke jiran ki,
Gatera